Wa Ke da Haƙƙin Ɓoye Ɓarakar Manhaja?

A ranar Juma'a, 12 ga Mayu, 2017, wata manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta fantsama cikin duniya, kuma kafin a shawo kanta ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150. A Ingila ta shafi kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin da ke tafiyar da asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da aikin tiyata kimanin 19,000, aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitoci, kuma daga baya ma'aikatar lafiya ta ƙiyasta asarar da aka tafka a kan fam miliyan 92. Amurka da Birtaniya sun ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa. Sai dai makamin da ya ba WannaCry ikon tsallakawa daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba tare da kowa ya latsa komai ba, wanda ake kira EternalBlue, ba a Koriya aka ƙera shi ba. Ya fito ne daga rumbun hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, wato NSA, wadda rahotanni suka nuna ta shafe shekaru tana sane da wata ɓaraka a manhajar Windows, tana amfani da ita wajen kutse cikin kwamfutocin waɗanda take sa wa ido, ba ta sanar da kamfanin Microsoft ba. Wasu masu kutse da suka kira kansu Shadow Brokers suka samu makamin, suka watsa shi a intanet a ranar 14 ga Afrilu na wannan shekarar, kuma wata guda bai cika ba aka juya shi a kan asibitoci.

Wannan lamari ya fito da tambayar da, a ganina, ta fi kowace muhimmanci a manufofin tsaron intanet, ko da yake ba ita aka fi yayatawa ba. Gwamnatin da aka ɗora wa nauyin kare jama'a daga masu kutse ita ce kuma take tara hanyoyin kutse domin amfanin kanta, kuma waɗannan ayyuka biyu suna cin karo da juna a kan abu guda, wato ɓarakar da ke cikin manhajar da kowa ke amfani da ita.

Babu wata babbar manhaja da ba ta da kurakurai, domin mutane ne suke rubuta ta, kuma wasu manhajojin sun ƙunshi layukan rubutu miliyoyi. Yawancin kurakuran ba su wuce su sa na'ura ta tsaya ko ta yi nauyi ba, amma wasu ƙalilan suna ba wanda ya gano su damar sa na'urar wani ta bi umarninsa. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka abin yake a nan, illa dai bangon iri ɗaya ne a gidaje biliyoyi, tsagewar ma a wuri ɗaya take a dukkansu. Mafi tsada a cikin irin waɗannan ɓaraka ita ce wadda kamfanin da ya yi manhajar bai san da ita ba, saboda haka babu facin da zai toshe ta, kuma duk taka-tsantsan ɗin mai na'ura ba zai kare shi ba. Wanda ya gano irin wannan yana iya sanar da kamfanin domin a gyara, yana iya sayar da ita ga mai biya, yana kuma iya adana ta ya yi aiki da ita a asirce. Abin da ba zai taɓa iyawa ba shi ne ya toshe ta a na'urorin mutanensa ya bar ta a buɗe a na'urorin abokan gabarsa, tunda waya ɗaya ce a hannun minista da ɗan ta'adda da ma'aikaciyar jinya.

Adalci ne a saurari hujjar hukumomin leƙen asiri, domin ba hujjar banza ba ce. Suna cewa ƙasar da ta miƙa duk ɓarakar da ta gano ga kamfanoni ta kwance wa kanta makamai ne alhali abokan hamayyarta ba su kwance nasu ba, kuma akwai bayanan da idan ba ta hanyar kutse ba, sai an jefa rayukan jami'ai cikin haɗari kafin a same su. Suna iya kawo misalin Stuxnet, manhajar da aka gano a 2010, wadda ta yi amfani da ɓarakar Windows guda huɗu da ba a sani ba, ta lalata na'urorin tace yuraniyom kimanin 1,000 a tashar Natanz ta Iran. Ana danganta aikin ga Amurka da Isra'ila, kuma masu kare shi suna cewa ya jinkirta shirin nukiliya ba tare da an jefa bam ko ɗaya ba. Haka kuma wani bincike da cibiyar RAND ta wallafa a 2017 ya nuna cewa ɓarakar da aka adana a asirce takan kai kusan shekara bakwai kafin ta fito fili, kuma ƙasa da kashi 6 cikin 100 ne wani dabam yake gano irinsu a cikin shekara guda. Idan haka ne, in ji su, haɗarin adanawa bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Raunin wannan lissafi shi ne ya ɗauka cewa hanya ɗaya tilo da sirrin zai fita ita ce wani ya sake gano ɓarakar da kansa. EternalBlue kuwa sace shi aka yi, kuma a shekarar 2017 ɗin ce WikiLeaks ta wallafa dubban takardu a kan kayan kutsen hukumar CIA, waɗanda wani tsohon ma'aikacinta ya fitar. Stuxnet kanta ta kuɓuce daga inda aka aika ta, ta bazu zuwa kwamfutoci a ƙasashe da dama, har masu bincike suka warware ta, duk mai son koyo ya koya. Harsashi idan an harba shi ya ƙare, amma makamin manhaja idan an harba shi, an miƙa wa wanda aka harba kwafinsa ne. Bayan WannaCry shugaban Microsoft, Brad Smith, ya kwatanta abin da ya faru da a ce an sace wa sojojin Amurka makamai masu linzami samfurin Tomahawk, kuma makonni shida bayan haka aka ga iyakar abin. A ranar 27 ga Yuni, 2017, NotPetya, wadda ita ma ta hau kan EternalBlue, ta shiga ta cikin wata manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukren, ta tsallaka iyakoki, ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk, wanda ya yi asarar dala miliyan 250 zuwa 300, yayin da jimillar ɓarnar a duniya aka ƙiyasta ta a kan dala biliyan 10. Ƙasashen Yamma sun ce sojojin Rasha ne suka kai harin.

Amurka tana da wani tsari na auna ko za a bayyana ɓaraka ko a adana ta, inda wakilan hukumomin tsaro da na leƙen asiri da na kasuwanci suke zama su yanke shawara, kuma a watan Nuwamba na 2017 ta wallafa ƙa'idojinsa. Birtaniya ta bayyana nata tsarin a 2018. Wannan ci gaba ne, kuma ƙasashen da suka yi ko da wannan ɗin ba su da yawa. Amma a ɗakin da ake yanke hukuncin babu wakilin asibiti ko na ƙaramin ɗan kasuwa, ballantana na mutumin wata ƙasa da ke amfani da manhajar, kuma ɓarakar da aka sayo daga ɗan kwangila bisa alkawarin rufe baki tana iya kauce wa tsarin. Sin kuwa ta bi wata hanya dabam. Tun daga watan Satumba na 2021, dokarta ta wajabta wa kamfanoni su kai rahoton duk ɓarakar da suka gano a kayayyakinsu ga ma'aikatar masana'antu da fasahar sadarwa cikin awa 48. Da wani injiniya na kamfanin Alibaba ya gano wata mummunar ɓaraka a Log4j, wata manhajar da ɗimbin manhajoji suka dogara da ita, a ƙarshen 2021, ya sanar da gidauniyar Apache da ke kula da manhajar, abin da kowane mai bincike na ƙwarai zai yi, sai ma'aikatar ta dakatar da haɗin gwiwarta da sashen kamfanin na tsawon wata shida saboda bai gaggauta sanar da ita ba. Saƙon da wannan hukunci ya isar ga masu bincike a bayyane yake, kuma abin damuwa ne ga duk wanda ke amfani da manhajar da duniya ta yi tarayya a kanta.

Da a ce manyan ƙasashe kaɗan ne kawai suke da wannan ƙarfi, da matsalar ta tsaya a kan yadda za a sa su kame kansu. Amma kasuwa ta buɗe. A 2019 kamfanin Zerodium, wanda sana'arsa a lokacin sayen ɓaraka ce yana sayar wa gwamnatoci, ya tallata cewa zai biya har dala miliyan 2.5 a kan hanyar da za ta kama wayar Android ba tare da mai ita ya taɓa komai ba, a lokacin da mafi girman ladan da Apple yake ba mai binciken da ya kawo masa rahoto dala miliyan 1 ne. Saurayin da ya kwana watanni yana haƙilo har ya gano irin wannan ɓaraka yana fuskantar jarrabawa ta gaske, domin hanyar da ta fi amfanar jama'a ita ce ta fi ƙarancin kuɗi, kuma wanda ya saya ba zai gaya masa wayar wa za a shiga da ita ba.

Daga wannan kasuwa ne kamfanonin manhajar leƙen asiri suka samu abin dogaro, kuma wanda ya fi yin suna shi ne NSO Group na Isra'ila, mai manhajar Pegasus. Idan Pegasus ta shiga waya, tana karanta saƙonni, tana kwashe hotuna, tana iya kunna makirufo da kyamara, kuma sirranta saƙo ba ya hana ta, domin tana ganin saƙon ne a kan wayar bayan an buɗe shi. An fara kama ta ne a 2016, lokacin da Ahmed Mansoor, mai fafutukar kare haƙƙin ɗan Adam a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ya samu saƙon da ya yi masa alkawarin bayanai a kan azabtar da fursunoni, bai latsa ba, ya tura wa masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto, su kuma suka tarar da ɓarakar iPhone guda uku da Apple bai sani ba. A 2019 an kai wa masu amfani da WhatsApp kimanin 1,400 hari ta hanyar kira kawai, ko da ba su ɗaga ba. A watan Yuli na 2021 wata gamayyar kafofin yaɗa labarai, tare da ƙungiyar Forbidden Stories da Amnesty International, ta bayyana jerin lambobin waya kusan 50,000 da ake zargin abokan cinikin kamfanin sun ware, ciki har da na 'yan jarida da lauyoyi da shugabannin ƙasashe. Kamfanin ya musanta cewa jerin na waɗanda aka yi wa leƙen asiri ne, kuma kullum amsarsa ita ce gwamnatoci kawai yake sayar wa, domin yaƙi da ta'addanci da manyan laifuffuka.

Ba na shakkar cewa an kama miyagu da irin waɗannan kayan aiki. Abin da tarihin shekara goma ya nuna dai shi ne mai saye ne yake fassara wane ne mugu. A Meziko an samu alamun Pegasus a wayoyin 'yan jarida, har ma da na masu fafutukar a sanya haraji a kan lemon kwalba saboda lafiyar jama'a. A Polan an shiga wayar Sanata Krzysztof Brejza a 2019, lokacin da yake jagorantar yaƙin neman zaɓen 'yan adawa. A Girka, badaƙalar wata manhaja makamanciyarta mai suna Predator, haɗe da sauraron wayar jagoran wata jam'iyyar adawa, ta kai ga murabus ɗin shugaban hukumar leƙen asiri a watan Agusta na 2022. Biyu daga cikin waɗannan ƙasashe mambobin Tarayyar Turai ne, masu kotuna da majalisu, wanda ke nuna cewa cutar ba ta tsaya ga gwamnatocin kama-karya ba. Ikon shiga rayuwar mutum gaba ɗaya ba tare da ya sani ba, kuma ba tare da barin takardar da alƙali zai duba daga baya ba, yana jan hankalin kowane mai mulki.

An ɗauki wasu matakai. Amurka ta sanya NSO da Candiru, wani kamfanin Isra'ila mai irin sana'arsa, a jerin kamfanonin da aka taƙaita wa cinikin fasaha a watan Nuwamba na 2021, ta hana hukumominta amfani da manhajar leƙen asiri ta kasuwa mai haɗari a watan Maris na 2023, ta kuma ƙaƙaba takunkumi a kan masu Predator a 2024. Wata kotu a Kalifoniya ta samu NSO da laifi a ƙarar da WhatsApp ya shigar. Birtaniya da Faransa sun buɗe tattaunawar Pall Mall a watan Fabrairu na 2024 domin tsara ƙa'idojin wannan kasuwa. Duk da haka kamfanonin sukan sauya suna da ƙasar rajista su ci gaba, kuma ƙasashen da ke jagorantar tsawatarwar su ne manyan masu sayen ɓaraka, abin da ke rage wa maganarsu nauyi.

Akwai wani salon na wannan matsala da ya fi wanda ya gabata haɗari, domin a nan gwamnati tana neman a gina mata ɓarakar ne da gangan. Hujjar a kullum tana da ƙarfi a zuciya: masu lalata da yara da 'yan ta'adda suna fakewa a bayan saƙonnin da aka kulle tun daga mai aikawa har zuwa mai karɓa, saboda haka a samar wa jami'an tsaro ɓarauniyar hanya da za su bi idan kotu ta ba da izini. Duk wanda ya san irin aikin da masu binciken cin zarafin yara suke yi ba zai raina wannan buƙata ba, kuma ba daidai ba ne a ɗauki kowane ɗan sanda da ya nemi haka a matsayin maƙiyin 'yanci. Amma an gwada abin sau da yawa, kuma sakamakon bai sauya ba. A 1993 gwamnatin Amurka ta gabatar da wata 'yar na'ura mai suna Clipper, wadda za ta sirranta kiran waya amma gwamnati ta riƙe kwafin mabuɗin, kuma a shekarar da ta biyo baya wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna nakasu a tsarin, shirin ya mutu. Tsakanin 2004 da 2005, wasu masu kutse suka kunna sashen sauraron waya na halal da ke cikin na'urorin kamfanin Vodafone a Girka, suka saurari wayoyi fiye da 100, ciki har da ta Firaminista Kostas Karamanlis.

Misali mafi girma ya zo a 2024, lokacin da aka gano cewa wasu masu kutse da ake kira Salt Typhoon, waɗanda Amurka ta danganta da gwamnatin Sin, sun daɗe a cikin hanyoyin sadarwar manyan kamfanonin wayar Amurka irin su AT&T da Verizon, kuma sun kai ga bayanan da suka shafi tsarin sauraron waya da wata doka ta 1994 ta tilasta wa kamfanonin su gina domin jami'an tsaro. A watan Disamba na wannan shekarar, jami'an Amurka da kansu suka shawarci jama'a su koma amfani da manhajojin saƙo masu sirrantawa, irin waɗanda aka shafe shekaru ana matsa wa lamba su sassauta. Watanni biyu kacal bayan haka aka ruwaito cewa Birtaniya, ƙarƙashin dokar ikon bincike ta 2016, ta umarci Apple a asirce ya ba ta hanyar isa ga bayanan da masu amfani suka kulle a ma'ajiyar iCloud, kuma a watan Fabrairu na 2025 kamfanin ya janye wannan kariya daga Birtaniya maimakon ya gina hanyar. Wanda ya yi asara a ƙarshe shi ne mutumin da ba a zarginsa da komai.

Dalilin da ya sa hakan ke maimaituwa na fasaha ne kafin ya zama na siyasa. Lissafin da ke kulle saƙo bai san niyyar wanda ke riƙe da mabuɗi ba, kuma mabuɗin da zai buɗe saƙon kowa shi ne abu mafi daraja da ɓarawo zai nema, don haka dole a tsare shi ba tare da kuskure ko sau ɗaya ba, har abada, a hannun ma'aikata dubbai da 'yan kwangila. Hukumar da ta kasa tsare EternalBlue tana cikin waɗanda suka fi kowa ƙwarewa a duniya. Sannan idan kamfani ya gina wa ƙasa ɗaya hanyar, ba shi da bakin hana ta biyu da ta uku. Rikicin Apple da hukumar FBI a 2016, a kan buɗe wayar ɗaya daga cikin waɗanda suka kai harin bindiga a garin San Bernardino na Amurka, ya ƙare ne da hukumar ta biya wani kamfani na waje ya buɗe mata wayar, wato ta koma kasuwar ɓaraka. Wannan shi ne wuri mafi wahala a muhawarar, kuma bai kamata a ɓoye shi ba: duk wanda ya ƙi ɓarauniyar hanya ta bai-ɗaya, kamar yadda na ƙi, ya amince a fakaice cewa jami'an tsaro za su riƙa kutse cikin na'urar mutum ɗaya ɗaya, kuma hakan yana buƙatar su mallaki wasu ɓaraka. Na fi karɓar wannan, domin yana da tsada, ba ya yiwuwa a kan miliyoyi a lokaci guda, kuma ana iya ɗaure shi da izinin alƙali da wa'adi da sanar da wanda aka yi wa bayan an gama bincike. Amma karɓa ce mai sharaɗi, kuma sharuɗɗan su ne yawancin ƙasashe ba su rubuta ba.

Dokokin ƙasa da ƙasa ba su taimaka sosai ba. A 2015 wani kwamitin ƙwararru na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da ƙa'idoji 11 na kyakkyawar ɗabi'ar ƙasashe a intanet, ciki har da kada a kai hari kan muhimman ababen more rayuwa, da kuma ƙarfafa bayar da rahoton ɓaraka, amma na ganin dama ne, babu hukunci ga wanda ya saɓa. Yarjejeniyar Budapest ta 2001 da sabuwar yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan laifuffukan intanet, wadda aka amince da ita a ranar 24 ga Disamba, 2024, sun fi mayar da hankali a kan kama masu laifi da musayar shaidu. Ƙungiyoyin kare haƙƙi da kamfanonin fasaha sun koka cewa sabuwar ba ta ba masu bincike na gaskiya isasshiyar kariya ba, kuma kukan yana kan hanya, domin mai neman ɓaraka domin a gyara ta da mai nemanta domin ya yi sata aiki iri ɗaya suke yi a matakin farko, niyya ce ta raba su. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta sanar a 2022 cewa ba za ta gurfanar da mai bincike da kyakkyawar niyya ba, Beljiyam ta sanya irin wannan kariya a dokarta a 2023, amma a wurare da yawa wanda ya sanar da kamfani cewa bayanan abokan cinikinsa suna a fili yana iya samun takardar lauya a madadin godiya.

Ba gwamnatoci kaɗai ke da laifi ba, kuma labarin WannaCry ya nuna hakan. Microsoft ya fitar da facin ɓarakar tun ranar 14 ga Maris, 2017, kusan wata biyu kafin harin, amma asibitoci da masana'antu da yawa ba su sa shi ba, wasu saboda sakaci, wasu kuma saboda na'urar ɗaukar hoton ciki ko ta sarrafa injin tana manne da tsohuwar manhajar da ba a iya taɓawa ba tare da an tsayar da aiki ba. Nauyin ɓaraka yakan sauka ne a kan wanda ya fi rauni, wato cibiyar da ba ta da ma'aikacin tsaro ko ɗaya, da mai wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da gyara, da ƙasar da take sayen fasaha ba ta ƙera ta, ba a kuma tuntuɓar ta idan ana yanke shawarar abin da za a ɓoye. Shekaru da dama kamfanonin manhaja suna sayar da kaya bisa sharaɗin cewa ba su da alhakin duk abin da ya biyo baya, sharaɗin da babu wanda zai yarda da shi daga mai ƙera mota ko magani. Dokar Tarayyar Turai a kan juriyar kayan fasaha, wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2024 kuma cikakkun tanade-tanadenta za su hau kan kamfanoni a ƙarshen 2027, ta wajabta musu su ci gaba da toshe ɓaraka a tsawon rayuwar kayan da suka sayar, su kuma kai rahoto cikin awa 24 idan sun gano ana cin gajiyar wata. Ina ganin wannan ya fi yawancin jawaban da ake yi a kan yaƙin intanet amfani, domin yana rage yawan ɓarakar da za a yi rigima a kai tun daga tushe.

Abin da zai sauya lissafin nan gaba kaɗan shi ne ƙirƙirarriyar basira. A ƙarshen 2024 Google ya sanar cewa wani tsarinsa mai suna Big Sleep ya gano ɓarakar da ba a sani ba a manhajar adana bayanai ta SQLite, wadda take cikin kusan kowace waya, kuma a watan Agusta na 2025 aka kammala wata gasa ta hukumar binciken fasaha ta ma'aikatar tsaron Amurka, DARPA, inda tsare-tsare masu sarrafa kansu suka gano kurakurai a manhajoji na gaske suka kuma rubuta musu faci. Wannan albishir ne ga masu karewa, amma kayan aikin ba su san ɓangare ba. Hujjar adana ɓaraka ta dogara ne a kan zaton cewa gano ta aiki ne mai wuya da ƙwararru ƙalilan ke iyawa, saboda haka sirrin zai daɗe. Idan na'ura za ta iya tace rubutun manhaja dare da rana a kan kuɗi kaɗan, to yiwuwar wani ya gano abin da wata hukuma ta ɓoye za ta ƙaru matuƙa, kuma tazarar da ke tsakanin fitowar faci da fara kai hari, wadda ta riga ta ragu zuwa kwanaki, za ta ƙara matsewa. Alƙaluman 2017 da aka kafa hujja da su ba za su bayyana duniyar da muke shiga ba.

Saboda haka ya kamata nauyin kawo hujja ya koma kan mai son ɓoyewa. Asali ya zama bayyanawa, adanawa kuma ta zama keɓantaccen abu mai wa'adi, wanda za a sake dubawa bayan 'yan watanni, a gaban wata hukuma mai zaman kanta da ke da ikon cewa a'a, tare da wallafa adadin abin da aka bayyana da abin da aka riƙe kowace shekara. Ɓarakar da ta shafi na'urorin asibiti da wutar lantarki da ruwan sha kada ta shiga cikin abin da ake adanawa ko kaɗan, wadda aka sayo daga ɗan kwangila kuma ta bi ta tsarin kamar kowace, kuma hukumar da makaminta ya kuɓuce a tilasta mata sanar da kamfanin da abin ya shafa nan take, ta kuma amsa tambayoyi a gaban majalisa a kan abin da ya biyo baya.